Ni Ce Matar Kabad

Kafanchan,
ranar Talata da hantsi.

Zuwa ga 'yata Rahila,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya a Sabon Tasha, ke da gwaggonki Tabita da yaranta duka. Allah ya kiyaye ki a sauran hanyar da ke gabanki, ya tsare motar da za ki shiga ranar Juma'a, ya ba direban natsuwa, ya sauke ki a ƙofar jami'a lafiya lau, ke da kayanki. Amin.

Ba zan cika ki da labarin gida ba. Kaji suna nan, ni ma ina nan. Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa alhali ga waya a hannun kowa, amma kin san uwarki, in magana ta yi nauyi sai na ga ta zauna a kan takarda hankalina yake kwanciya. Ban da haka, a waya kina iya cewa sabis ne ya ɗauke. Takarda kuwa tana nan a jakarki har ki gaji ki karanta.

Kafin ki bar gida na sa kin yi mini alkawari cewa da zarar kin isa makaranta za ki karɓi fom ɗin canjin kwas, ki bar sashen koyon aikin gwamnati da aka ba ki, ki koma wani. Kika ce, "To, Mama," kika tashi. Daga ranar har kika shiga mota, in ban da gaisuwar safe ba abin da ya haɗa mu. Faten accan da na yi miki na sallama ma cokali biyu kika yi kika ture, ke da kan suɗe tukunya. A kan wannan alkawari nake rubuto miki. Ina roƙonki kada ki je karɓar fom ɗin nan sai kin kai ƙarshen wasiƙata.

Bari in fara daga inda na fara aiki. Ina yarinya ɗanya shataf na sauko daga Kagoro da satifiket ɗin makarantar mishan da kuma na buga tafireta, kakanki ya rako ni riƙe da akwatina na kwano. Kafanchan ta lokacin ba wadda kika sani ba ce. Jirgin ƙasa ne agogon gari. Da ya yi kuka daga nesa sai ki ga mata sun ɗauki farantan ayaba da dafaffen ƙwai sun nufi tasha da gudu, mu kuma a ofis mu san lokacin tashi ya kusa. A tashar nan na fara ganin babanki cikin kakinsa, yana kaɗa tuta yana ji da kansa kamar da hannunsa yake tura jirgin. Yau kuwa in na wuce ta wurin, sai in ga ciyawa ta rufe layin.

An kai ni rajista, wato ɗakin da ake ajiye fayilolin ofis, inda kowace takarda take shigowa ta fita. Shugaban ɗakin wani dattijo ne, Baba Ishaya, siriri, da biro uku a aljihun gaba, ja da shuɗi da baƙi. Ranar farko bai ba ni aiki ba. Kujera ya jawo kusa da tasa ya ce in zauna in kalli hannunsa. Shi ya koya mini sa lamba da jan biro a kusurwar kowane shafi, don kada wani ya zare takarda a ɓoye. Shi ya koya mini cewa fayil ba ya matsawa daga tebur zuwa tebur sai an rubuta a littafin shige da fice. In na yi kuskure ba ya tsawa, sai ya ɗaga fayil ɗin ya auna nauyinsa a tafin hannu ya ce, "Saratu, a cikin nan akwai mutum a zaune yana jira." Da zai yi ritaya ya bar takardar miƙa aiki cike da littafin rubutu guda. Har durowar da kan cije da damina ya rubuta, da yadda ake jan ta.

Kin ga irin kyautar da aka yi mini. Kuskurena na farko shi ne na karɓe ta hannu bibbiyu, na kulle.

Na so zuwa jami'a, Rahila, ban taɓa gaya miki ba. Aure ya zo, yayyenki suka zo ɗaya bayan ɗaya, kullum ina cewa baɗi, har baɗin ta gaji da ni. Ina nan sai aka fara kawo mana masu digiri, yara ƙanana da na girme su nesa ba kusa ba, ana ɗora su a kaina. Wasunsu ko buɗe sabon fayil ba su iya ba. Maimakon in jawo musu kujera kamar yadda aka yi mini, sai na ga ai ga inda zan rama. Da na zama shugabar rajista na fara jera abubuwa yadda ni kaɗai na gane. In darakta ya nemi takarda, kowa ya yi ta laluben banza, a ƙarshe masinja ya ce, "Sai Mama Saratu ta zo." Wannan magana ta fi mini kowane yabo daɗi. Nakan shigo a hankali, in ajiye jaka, in gyara ɗankwali, sannan in miƙa hannu ba ko dubawa in zaro fayil ɗin.

To, ki ji ni da kyau. Duk ranar da kika ji ana cewa aiki ba ya tafiya sai Rahila tana nan, kada ki yi murna. Ki ji kunya, ki nemi wanda za ki koya wa kafin a tashi aiki a ranar. Ma'aikacin kirki shi ne wanda zai kwanta ciwo mako biyu, talakan da ya zo neman takardarsa bai ma san ba ya nan ba.

Kowace shekara jami'a kan aiko mana ɗalibai daga wannan sashe naku, su yi wata shida suna koyon aiki a aikace. Akwai wani dogon benci a bakin ƙofar rajista, wanda masu jiran takarda ke zama a kai. Nan nake ajiye su. Aikinsu sayo ƙosai da kunu, da kai takarda wurin mai hoto a tsallaken titi. Ranar Juma'a su kawo littafin da jami'a ta ba su na rubuta abin da suka koya a mako, in ce su rubuta abin da suka ga dama, in sa hannu, in buga hatimi. Yawancinsu ma daɗi suke ji. Ni kuma in koma coci ina gaya wa mata cewa yaran jami'a na yanzu ba su san komai ba.

A shekarata ta ƙarshe aka kawo wata yarinya, Zainab. Kin san gidansu, 'yar Alhaji mai hatsi ce na cikin kasuwa, wanda tun wurin kakansa uwata take sayen dawa. Ita ba ta ji daɗin benci ba. Kullum da ɗan littafinta a cinya, idonta a kan hannuna. Takan tambaye ni dalilin jan biro, ko dalilin da ya sa ake ɗaure sabuwar takarda a sama ba a ƙasa ba. Amsata ɗaya ce, haka muka tarar. Na san dalilan sarai, Baba Ishaya ya gaya mini su ɗaya bayan ɗaya, amma na ga in na faɗa mata, gobe za ta dawo da digiri ta zauna a kaina da ilimin da na ba ta.

Ke ma za a tura ki irin wannan zama. Wataƙila ki faɗa hannun wata irina, ta ajiye ki a benci. Kada ki yi fushi ki koma danna waya. Ki sayo mata ƙosan, ki gaishe ta da ladabi, ki buɗe ido, ki ci gaba da tambaya ko tana harararki. Kuma kada ki rubuta a littafinki abin da ba ki yi ba, ko an ce ki rubuta, domin ƙaryar farko da ma'aikaci ya sa wa hannu ita ce mai wuya, sauran da kansu suke zuwa. In kuma Allah ya kai ki matsayin da za a aiko miki ɗalibai, benci na baƙi ne. Ki jawo kujera.

Malaminsu ya zo duba su cikin damina, wani Dakta mai furfura, da tsohuwar motarsa duk laka. Ya ga inda suke zaune. Ya zauna gabana cikin girmamawa ya roƙe ni abu biyu. Na farko, in zo jami'a rana ɗaya tak in yi wa ɗalibai bayanin yadda takarda ke tafiya a ofis. Na biyu, in nemi izini a ba su hoton wasu tsofaffin fayiloli da aka rufe, waɗanda ba sirri a ciki, su riƙa koyarwa da su. Ya ce littattafan da suke da su yawanci na wasu ƙasashe ne, ba su san mutumin ƙauye da ke zuwa da takarda a naɗe cikin leda ba. Na sunkuyar da kai na ce ai su masu digiri su ne za su koya mana, ni mai satifiket ɗin tafireta me zan faɗa a jami'a. Wanda ya ji zai ce tawali'u ne. Ba tawali'u ba ne, baƙar magana ce na shafa mata mai.

Ya yi murmushi ya ce, "Madam, mu allo ne da mu. Aikin yana wurinki."

Sau biyu ya rubuto mini bayan haka. Na sa wa wasiƙun lamba da jan biro, na ɗaure su a fayil, ban ba da amsa ba.

A lokacin ina ganin taimakon jami'a aikin masu hannu da shuni ne, masu gina ɗakin karatu a rubuta sunansu a bango. Ban gane ba cewa sashe irin naku da mu tsofaffin ma'aikata yake numfashi. In mun buɗe ƙofa, yara su fito sun san aiki. In mun rufe, su fito da takarda kawai, mu kuma mu zauna muna zaginsu, alhali mu muka rufe ƙofar. Don haka ko bayan kin gama, kada ki juya wa sashen nan baya. In sun kira ki, ki je, ko da kuɗin motarki ne. In sun aiko ɗalibi, ki karɓe shi kamar ƙaninki.

Yanzu na zo wurin da ya fi mini wuyar faɗa.

Kin tuna dogon kabad ɗin ƙarfe da ke bayan teburina, wanda kike jingina da shi kina aikin gida in an taso ku daga firamare? Makullinsa ɗaya ne, yana cikin tarin makullaina. A ciki nake ajiye fayilolin da na fi damuwa da su, don kada su ɓace a hannun masu sakaci. Kuma ba na rubuta su a littafin shige da fice, domin a ganina abin da ke hannuna ba ya bukatar rubutu. Abin da Baba Ishaya ya fi hana ni ke nan, na kuwa yi shi da sunan kulawa.

Kin kuma tuna Baba Dogara, dattijon nan na wani ƙauye a bayan Kagoma, wanda yake kiranki ƙaramar madam. Rafi ne ya raba ƙauyensu da hanya. Da damina in ya cika, doya ba ta fita, yara ba sa zuwa makaranta, mai ciwo sai dai a ɗauke shi a ka. Kwalbati suke nema, wato 'yar ƙaramar gada, ƙauyen suka wakilta shi. Duk ranar kasuwa zai hau acaɓa ya zo, ya cire hula tun daga ƙofa ya ce, "Mama, takarda namu ya yi tafiya?" Sau ɗaya ya zo mini da doya biyar, na ce ya mayar, aikina ne. Na bi masa fayil ɗin nan da ƙafata, tebur bayan tebur. Injiniya ya je ya auna, aka yi zane, aka sa hannu har wuri uku. Saura hannun darakta kawai aikin ya shiga jerin na baɗi, shi kuma ya tafi hutu. Sai na sa fayil ɗin a kabad, da niyyar in kai masa da kaina ranar da ya dawo.

A makon ne Zainab za ta gama. Ta taso daga benci ta tsaya gaban teburina ta ce, "Mama, ki bar ni in rubuta jerin abin da ke cikin kabad ɗin nan. In manna ɗaya a jikin ƙofa, ɗaya in shigar a littafi."

Na cire tabarau na dube ta sama da ƙasa na ce, "Koyo kika zo ko bincike?"

Duk ofis aka kwashe da dariya. Ta koma benci ta zauna, ta rufe ɗan littafinta. Aikin awa ɗaya ne ta roƙa, Rahila.

Kafin darakta ya dawo hawan jini ya kwantar da ni, kin tuna, har aka kwana da ni asibiti. Ina murmurewa ranar ritayata ta cika. Aka yi mini biki mai kyau, shinkafa da nama, matan zumunta na cocinmu suka zo da ganga da tulu suka raira waƙa har darakta ya taka. Aka ba ni turmin atamfa da agogon bangon nan na falo. Takardar miƙa aikina shafi ɗaya ce, rabinta ma godiya. Makullai na miƙa su a dunƙule, ba alamar wanne ne na ina. Wadda ta gaje ni wata matashiya ce mai digiri, daga wani gari aka kawo ta.

Da zan ce miki mantawa na yi, da na ji sauƙi. Ban manta ba. A wata na biyu da zamana a gida na tuna da fayil ɗin, sai na ce a raina bari su neme shi su rasa, su zo har gida su tambaye ni. Na yi ta sauraron ƙarar babur a ƙofar gida. Ba wanda ya zo. Wadda ta gaje ni ba ta san akwai fayil ɗin ba, ba ya cikin littafi, ta yaya za ta nemi abin da ba a rubuta ba? Da aka zo yi wa ofis fenti, aka kinkimi kabad ɗin a kulle aka kai sito.

Baba Dogara ya ci gaba da zuwa, ana ce masa babu takarda, ya sake sabuwa. Wata rana ya zo gidanmu, ya same ni ina shanya citta a tsakar gida. Ya rame. Ya ƙi zama a kujera, ya tsuguna ya ce, "Mama, sun ce wai babu takarda. Ni kuma na gan shi da ido na a hannun ki." Na ba shi ruwa, na ce kada ya damu, zan leƙa mako mai zuwa. Daga gidanmu zuwa ofis ba ya kai minti goma a acaɓa. Amma ina jin nauyin a gan ni a can, a ce tsohuwa ta kasa zaman gida, ga shi ba su gayyace ni ba. Mako mai zuwa ya zama wata, wata ya zama shekara. Ranar da na je a ƙarshe, muka buɗe sito, ashe rufin yana yoyo daidai kan kabad ɗin. Ruwa ya shiga, gara ta bi. Na ɗauko fayil ɗin ya marmashe a hannuna, awo da zane da sa hannu duk sun tafi. Dole aka koma farko, injiniyan ma an canja masa wurin aiki.

Damina uku mutanen ƙauyen suka ƙara sha. A ta ukun Baba Dogara ya rasu a asibiti a nan Kafanchan. Na bi masu rakiyar gawa. Motar ta tsaya a bakin rafi, maza suka tuɓe riguna, suka ɗora akwatin a ka, suka shiga ruwa har ƙirji, mata na tsallake suna waƙar ta'aziyya. Ni ban haye ba. Na tsaya a gaɓa da takalmina a hannu har suka ɓace cikin gonakin dawa. An yi kwalbatin daga baya, na ji an ce mai kyau ne, ban taɓa zuwa na gani ba.

Ban ci ko ƙwayar doya ta mutumin nan ba, kuma da wannan nake taƙama shekara da shekaru. Amma na gane ba mai cin hanci kaɗai ke cutar talaka ba. Ki rubuta inda kika ajiye komai, 'yata. Ki rubuta yadda baƙon da bai taɓa ganinki ba zai gane. Fayil ba naki ba ne, ko kin fi kowa ƙaunar mai shi. In kuma kin gano kin yi kuskure, ki hau babur a ranar ki je ki gyara, ko za a yi miki dariya.

Saura kuskure na ƙarshe, kuma shi a kanki na yi shi.

Bara, muna girkin bikin godiyar kaka a bayan coci, 'yar Mama Kande ta cocinmu da ke karatu a wannan sashe ta zo hutu tana taya mu. Tana ba mu labarin makaranta muna dariya, sai ta ce akwai wata malamarsu, Dakta Zainab, da kan fara wa sababbin ɗalibai darasi da labarin matar kabad. Ta kwashe labarin kaf ta faɗa, kabad da makulli da dattijo da rafi. Ba suna, ba gari. Ta ce har ya zama abin tsokana a tsakaninsu, in wani ya ɓoye littafi sai a ce kada ka zama matar kabad. Matan suka yi ta tsaki suna cewa wasu mutane ba su da tsoron Allah. Albasa nake yankawa a lokacin, ita ta rufa mini asiri.

Sai ga takardar shigarki jami'a ta fito, sashen nan dai. Kika shigo da gudu kina tsalle. Na zaunar da ke na yi ta kawo miki dalilai, albashi ba yawa, ana jefa mutum ƙauyen da ba wuta, ba mai gode maka. Ba ƙarya na yi ba, amma ba su ne dalilina ba. Na san halinki, a layin gaba za ki zauna. Malama za ta fara labari, ke kuwa kin san kabad ɗin, kin san dattijon da ke kiranki ƙaramar madam. Kafin ta kai rabi kin gane. Tsoron ranar nan ne ya sa na gwammace in karkatar da rayuwarki gaba ɗaya da ki san ko wace ce uwarki. Ke da tun kina sakandare kike rubuta wa tsofaffin unguwa takardun koke, kina raka su ofis, na dube ki na ce wannan aiki bai dace da ke ba. Ki gafarce ni.

Bayan tafiyarki gidan ya yi mini faɗi. Na buɗe tsohon akwatina na kwano don in sami abin yi, sai ga littafin Baba Ishaya a ƙasan zannuwa. Shi ma na ofis ne, na taho da shi gida, kin ga wata satar kuma. A shafin farko ya rubuta da shuɗin biro, "Domin wanda zai zo bayana." Na zauna a bakin gado na karanta shi tas, har maganar durowar nan mai cijewa. Washegari na shiga kasuwa, na je rumfar su Alhaji, na karɓi lambar Zainab a wurin yayanta.

Da ta ji muryata ta gaishe ni kamar jiya muka rabu, ta tambayi jikina da yara. Na ce mata na ji labarin matar kabad. Ta ce, "Mama, wallahi ban taɓa faɗin sunanki ba." Na ce na sani, ba faɗa na kira ba. Sai ta ce 'yar Mama Kande rabin labarin ta kawo. Wai takan gaya wa ɗaliban kuma cewa matar ta mayar da doya, kuma ba ta taɓa ganin fayil mai tsabta irin nata ba, don su gane cewa mutumin kirki ma yana iya yin wannan ɓarna. Ta ce rabin abin da take koyarwa daga bencin nan ta ɗauke shi da ido. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, a tsakiyar kasuwa, kusa da masu auna gero. A ƙarshe ta roƙe ni abin da malaminta ya roƙa tun shekarun baya. Na ce zan zo. Mun sa zangon karatu na biyu. Ki shirya jin kunya, don da ankon zumunta zan zo, kuma in na fara magana kin san ba na jin ƙararrawa.

Ban gaya mata 'yata tana cikin sababbin ɗalibai ba. Wannan na bar miki.

Saboda haka, Rahila, na warware alkawarin da na ɗaura miki. Ba ya kanki daga yau, a gaban Allah da a gabana. Ba kuma zan juya in ce dole ki zauna a sashen ba, na yi dolen da ya ishe ni. Amma in har zuciyarki tana inda na san take, ki bar fom ɗin nan a inda yake, ki shiga aji.

Direban da zai kawo miki wannan wasiƙa zai ba ki leda da littattafan rubutu biyu. Tsohon na Baba Ishaya ne. Sabon nawa ne, kwana goma na yi ina rubuta shi a ƙarƙashin mangwaron tsakar gida. Takardar miƙa aiki ce, wadda ya kamata in rubuta tun ranar da aka ba ni agogo. Na sa dalilin jan biro, da duk sauran tambayoyin da na ƙi amsawa. A shafin ƙarshe na rubuta jerin abin da ke cikin kabad, duk wanda na iya tunawa. Na farko a jerin, fayil ɗin kwalbatin ƙauyen Baba Dogara, saura hannu ɗaya.

Ranar da malamarku ta fara labarin, kada ki sunkuyar da kai. Ki bari ta kai ƙarshe, 'yan aji su gama tsakinsu. Sannan ki ɗaga hannu, ki kai mata littattafan, ki ce uwarki ce, kuma ga jerin da ta roƙa a bar ta ta rubuta.

Ubangiji ya yi miki albarka, ya kiyaye fitarki da shigarki. Ya haɗa ki da malamai masu jawo kujera, ya tsare ki daga ciwo da mugun abota da hatsarin hanya. Ya sa duk wanda ya cire hula a ƙofar ofishinki wata rana ya koma gida da abin da ya zo nema. Ki gaida gwaggonki da yara. In kin isa ki kira ni, ko gaisuwa ce kawai, zan karɓa.

Ni ce uwarki mai ƙaunarki,
Saratu.